Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Dattawan Ƙauye Masu Tuƙi

Assalamu alaikum, iyayenmu da kakanninmu. Allah ya ƙara girma da lafiya, ya ja da kwana.

Na rubuto muku a fili ne saboda maganar da zan yi an daɗe ana yin ta a bayan idonku. 'Ya'yanku suna yi, jikokinku suna yi, direbobin da ke ratsa ƙauye su ma suna yi, nasu ma da zafi. Wasu da dariya, wasu da fargaba. Amma da wuya a sami wanda zai durƙusa a gabanku ya furta, saboda kunya da nauyin baki. Maganar kuwa ta yadda kuke tuƙi ce. Ku yi mini uzuri irin na ɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tuƙin dattijon ƙauye ba ya ɓuya, tun daga nesa ake gane shi. Za a hango mota ko a-kori-kura a tsakiyar hanya, ba ta wannan hannu ba ta wancan, tana tafiyar da mai keke zai iya jerawa da ita. Sigina guda tana ta ƙyaftawa tun fitowa daga gida, ko kuma ba a kunna ta ba sam, sai dai a ga mota ta karya kwana. In aka yi magana, amsar ba ta wuce "To wa bai san inda za ni ba?" Ham ya zama na gaisuwa, kowace ƙofa da nata. Bel yana rataye a inda kamfani ya bar shi. Fitila ba a kunna ta sai duhu ya rufa, don kada batir ya wahala. In an iso gangara a sa giya a firi, wani ma ya kashe injin gaba ɗaya, mota ta sulala shiru har ƙasa.

Ni ba na cikin masu dariya, domin na san babu ɗaya daga cikin waɗannan halaye da ba shi da tushe. Wanda ya koyi tuƙi a hanyar burji ya san gefen hanya shi ne inda ruwa ya zaizaye, nan yashi yake, nan rami yake, daga nan akuya da yaro suke faɗowa. Tsakiya ita ce mai ƙwari. Wanda bakanike ya yi masa nisa, kayan gyara suka fi nisa, dole ya lallaɓa motarsa, shi ya sa mota take shekara talatin a hannunku alhali a hannun yaro ba ta kai biyar. Sigina kuwa, a lokacin da motocin gari ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, gaskiya ne kowa ya san inda kowa ya nufa. Tafiyar sannu da ake yi muku gori a kanta ma, ita ce abin da masana ke roƙon matasa su koya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100. A rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ba ku ne kuke tseren mota ba, ba ku ne kuke latsa waya kuna kan sitiyari ba. Wannan shaida ce da ya kamata a yi muku, kuma na yi.

Abin da ke damuna shi ne hanyar da kuka koyi waɗannan dabaru a kanta ba ita ce a ƙarƙashin tayarku yau ba. An shimfiɗa kwalta, ta haɗa ƙauye da manyan garuruwa, baƙi suna bi dare da rana, kuma ba su san ku ba.

Ku dubi gaisuwar kan hanya. Dattijo ya fito daga gona, amininsa ya taho daga ɗaya ɓangaren, suka haɗu jim kaɗan bayan kwana. Kowa ya taka birki, aka sauke gilashi, aka jero ƙofa da ƙofa, gwiwar hannu a waje, inji yana ta aiki. An tambayi iyali, an tambayi mai jiki, an shiga batun ruwan bana. Motoci biyu sun toshe hannu biyu. A bayan kwanar nan kuwa tirela ce ɗauke da kaya, tana gudun kilomita 80 a awa, wato mita 22 a kowace daƙiƙa. Direbanta bai taɓa jin sunan ɗayanku ba. Kafin idonsa ya gani, ƙwaƙwalwarsa ta gane, ƙafarsa ta kai kan birki, ya cinye kusan mita 30, sannan ne ma birki zai fara aiki, kuma mota mai nauyi irin wannan ba ta tsayawa a inda ƙaramar mota za ta tsaya. Ba na cewa a daina gaisuwa, Allah ya kiyaye. Roƙona shi ne a gangara, taya huɗu duka su sauka daga kwalta, a wuce kwana sosai, sannan a gaisa har a gaji.

Motar ma ta canza. A zamanin kafireta, sakin mota a firi a gangara yana rage shan mai, ba ku yi ƙarya ba. Amma motocin injekta na yanzu, in mota tana cikin giya aka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar injin da kanta take yanke mai. Wanda ya sa firi shi ne ma yake ƙona mai, tunda dole inji ya ci gaba da juyi da kansa, ga shi ya yi asarar riƙon da giya ke yi wa mota. Kashe inji kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba. Taushin birkin da kuke ji, inji ne yake samar da shi. Da zarar an kashe, taku biyu ko uku ne suka rage, daga nan birki ya ƙage, sai mai ƙarfin ƙafa sosai. Sitiyari shi ma ya yi nauyi, in kuwa makulli ya koma baya gaba ɗaya yana iya kullewa ana tsakiyar gangara. Haka batun famfa birki, a taka a saki, a taka a saki. Dabara ce mai kyau a tsohuwar mota don kada taya ta daskare. Motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya daskarewa, ita take yin wannan da kanta, sau da yawa a daƙiƙa guda. Abin da take so a taka da ƙarfi a riƙe, kuma karkarwar da ake ji a ƙafa alama ce tana aiki, ba lalacewa ba ce. Fitila kuma, muddin inji yana juyi, caji yana shiga batir. Kunna ta da almuru ba don ku gani kaɗai ba ne, don a gan ku ne.

Sai abin da ya fi wuyar faɗi, wato jiki. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma haka ne a sha'anin duniya. Amma ƙwayar ido nama ce, tana tsufa. Ƙofar da haske ke shiga tana tsukewa, madubin cikin ido yana dishewa. Likitocin ido sun ce hasken da ke kaiwa can cikin idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke kaiwa na ɗan shekara 20. Shi ya sa in mota ta haske ku da dare, bayan ta wuce sai hanya ta ɓace na ɗan lokaci, kuma a wannan lokacin motarku ba ta tsaya ba. Yanar ido tana shigowa a hankali, shekara da shekaru, har mutum ya saba da hazon ya ɗauka haka duniya take. Hawan jinin ido ya fi ta sanɗa: ba ciwo, ba ƙaiƙayi, daga gefe yake fara ci, ya bar tsakiya garau. Mutum yana ganin abin da ke gabansa sarai, amma abin da ke tahowa daga gefe ba ya cikin duniyarsa. Kuma abin da wannan cuta ta ci ba ya dawowa, sai dai a tare saura. A ƙauye kuwa kusan komai daga gefe yake fitowa: saniya, mai babur, amalanke, yaro ya biyo ƙwallo.

Ga inda sanin hanya yake zama tarko. Hanyar ƙauyenku tana cikin kanku. Kun san kowane rami, kowace bishiya, kun san inda ake rage gudu ko da an rufe muku ido. Saboda haka ganin mutum yana iya raguwa sosai bai lura ba, tunda hadda ce take tuƙa shi, kullum yana fita yana dawowa lafiya, kullum yana ƙara tabbata cewa idonsa ƙalau. Amma hadda ba ta san yaron da ya fito yau ba, ba ta san motar da ta mutu a kan hanya ba fitila ba. "Shekara arba'in ina bin hanyar nan ban taɓa buge ko kaza ba" magana ce ta gaskiya, kuma abin alfahari ce. Sai dai shaida ce a kan idon da kuka yi shekara arba'in da shi, ba a kan wanda kuke da shi yau ba.

Albishir ɗin shi ne yawancin wannan yana da magani. Wani tabarau kawai yake buƙata. Aikin cire yana ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma yawanci a ranar ake komawa gida. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi diddigin tsofaffin direbobi masu yanar ido, ya gano waɗanda aka yi wa aiki haɗarinsu kusan rabin na waɗanda ba a yi wa ba ne. Ke nan zuwa asibitin ido ba hanyar rabuwa da mota ba ce, sau da yawa shi ne yake ƙara wa mutum shekarun tuƙi.

Siginar da ke ta ƙyaftawa ba mantuwa kaɗai ba ce, kunne ne ya daina jin ƙaf-ƙaf ɗinta, kuma kunnen da bai ji wannan ba zai iya rasa ham ɗin motar da ke baya. Wuya ma yana ƙagewa, waiwaye ya zama aiki. Wannan ne ya sa mahaɗar hanya ta zama wurin da tsofaffin direbobi suka fi samun matsala a ko'ina: a fito daga ƙaramar hanya a hau babba, a duba nan, a duba can, a auna gudun abin da ke tahowa, duk cikin 'yan daƙiƙu. A watan Janairun 2019, Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, yana da shekara 97, ya fito daga ƙaramar hanya kusa da gidansu na karkara a Sandringham, ya haɗu da wata mota, tasa ta kife. Ya fita lafiya, mata biyu da ke ɗaya motar suka ji rauni, jaririn da ke tare da su Allah ya tsare. An ruwaito cewa hasken rana ne ya kashe masa ido. Hanyar ƙofar gidansa ce, wadda ya yi shekaru masu yawa yana bi. A watan Fabrairu ya miƙa lasisinsa da kansa. Na kawo shi ne don ku ga abin bai bar mai mulki ba, bai bar mai dukiya ba, kuma ajiyewar ba ta rage masa girma ba.

A shekarar dai, cikin watan Afrilu, wani dattijo ɗan shekara 87 ya kutsa cikin masu tsallaka titi a unguwar Ikebukuro ta birnin Tokiyo, wata uwa da 'yarta mai shekara 3 suka rasu. Kotu ta tabbatar totur ya taka a maimakon birki, ta ɗaure shi shekara 5 a 2021. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga 'ya'ya sun sauya wa mahaifinsu mota, sun karɓe mai kuloci da ƙafarsa ta saba da ita tun yana saurayi, sun ba shi mai giya da kanta, suka miƙa makulli ba tare da an zauna an koya masa ba. Kyauta ce mai kyau, amma tana buƙatar kwanaki a fili, nesa da mutane, har ƙafa ta sake sabo. Wannan laifinmu ne mu 'ya'ya, ba naku ba.

Kada in manta da magunguna. Maganin mura da na ƙaiƙayi da yawa suna sa gyangyaɗi, na barci yana kwana a jiki har hantsi, wani na hawan jini yana kawo jiri, mai ciwon suga kuma in ya sha magani bai ci komai ba sugansa na iya faɗuwa yana kan sitiyari. Tambaya guda ce ga likita: "Zan iya tuƙi in na sha wannan?"

Batun bel kuwa, ku ne kuka fi kowa buƙatarsa. Masu nazarin haɗurra sun nuna babban dalilin da ya sa tsofaffi suke yawan rasa rai a haɗari shi ne raunin jiki. Bugun da saurayi zai karkaɗe riga ya tashi, dattijo haƙarƙari zai karye, daga nan numfashi ya sami matsala, ga asibiti da nisa. A Amurka, inda mazauna karkara kusan kashi 20 cikin 100 ne na jama'a, kusan kashi 40 na mace-macen hanya a karkarar suke faruwa. Bel ɗin nan mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959, yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi. "Nan da gona ne kawai" ba hujja ba ce, tunda nan da gonar ita ce tafiyar da kuke yi kullum. Masu babur kuma, hular kwano tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Jika kuma a daina ɗora shi a cinya a bayan sitiyari, ko a kan tankin babur. Na san ƙauna ce. Amma in aka taka birki da ƙarfi, shi ne zai shiga tsakanin ƙirjinku da ƙarfe.

Akwai masu cewa a yanke shekara kawai, duk wanda ya kai a karɓe lasisinsa. Ban yarda ba, kuma zan faɗa a gaban kowace hukuma. Akwai ɗan 80 da ya fi ɗan 50 gani da natsuwa. Kuma wanda ke zaune a birni bai san abin da mota ko babur yake nufi a ƙauye ba, inda babu motar haya a ƙofar gida. Da ita ake zuwa gona, da ita ake kai mara lafiya asibiti cikin dare, da ita ake sada zumunci. Masu bincike a Jami'ar Columbia sun tattara nazarce-nazarce a 2016, suka ga dattijon da ya daina tuƙi yiwuwar ya faɗa ciwon damuwa tana kusan ninkawa. Na ga yadda mutum mai kuzari yake dusashewa cikin 'yan watanni bayan an ɓoye masa makulli ba da shawararsa ba, ya koma sai an ga dama a kai shi. Wannan ma cutarwa ce.

Ƙasashen da suka daɗe suna fama da batun ba su tsaya a kan "a karɓe" ko "a bari" ba. A Birtaniya, daga shekara 70 ana sabunta lasisi duk bayan shekara 3, kuma dole direba ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. A Japan, tun 1998 aka buɗe ƙofar mayar da lasisi don raɗin kai, 'yan shekara 75 zuwa sama suna yin gwajin ƙwaƙwalwa wajen sabuntawa, kuma daga 2022 waɗanda suka karya wasu dokoki a cikinsu sai sun sake gwajin tuƙi. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na jihar New South Wales a Ostireliya: daga 75 likita yana duba mutum kowace shekara, daga 85 kuma yana da zaɓi, ko ya riƙa gwajin tuƙi duk shekara 2, ko ya karɓi lasisi mai iyaka wanda zai riƙa zirga-zirga a kewayen gida. Wannan ya san darajar dattijo, ya kuma san darajar yaron da ke gefen hanya. Hukumomin da ke ba da lasisi, in da gaske suke, su kai gwajin ido inda dattawan suke, maimakon su jira sai an yi haɗari su zo da takarda.

Amma ba sai kun jira hukuma ba, kuma wannan ne ainihin abin da na zo roƙo. Ku sa wa kanku iyaka tun kafin wani ya sa muku. Da rana a cikin gari da hanyar gona, ku ci gaba da tuƙinku, a hannunku, da sigina ko da kuna ganin babu kowa. Dare, da ruwan sama, da babbar hanya, da doguwar tafiya, ku bar wa yaro ya ja, ku zauna a gefensa kuna nuna masa inda ramuka suke, ya amfana da abin da kuka sani. Ku auna mita 20 daga wata mota, tsawon ƙananan motoci biyar ke nan a jere, ku karanta lambarta, ku rufe ido ɗaya ku sake, ku rufe ɗayan. Wannan ba zai nuna hawan jinin ido ba, shi sai likita ya auna, don haka a riƙa zuwa ko da sau ɗaya a shekara. Ku lura da ƙananan alamu: sabon ƙarce a jikin mota da ba ku san lokacin da ya samu ba, yawan ham daga baya, mota ta ɓullo ba ku ga tahowarta ba, jikoki sun fara noƙewa in kun ce su shigo.

Sannan ku kira mu, tun kuna da ƙarfinku, ku faɗa mana da bakinku: "In kun ga kaza da kaza, ku gaya mini, zan ajiye." Ku zaɓi wanda kuka yarda da shi a cikinmu ya riƙe wannan amana. Mu kuma mu ɗauki alkawarin cewa ranar da aka ajiye makulli, ba za ku rasa mai kai ku gona, da asibiti, da gidan aminanku ba, kuma ba sai kun roƙa ba. In muka zo da maganar zuwa asibitin ido a 'yan kwanakin nan, don Allah kada ku ce sai an gama aikin gona. Ku ba mu rana, mu za mu zo mu ɗauke ku.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare mu da ku a kan hanya.

Naku,
ɗaya daga cikin 'ya'yanku.